Amsa: Kumburin hanci bayan tiyata, yaushe zai sace?

'Yar'uwa, sannu da jiki. Kin ce yau kwana 10 da yi miki aikin gyaran hanci amma har yanzu a kumbure yake. Kwantar da hankalinki, haka abin yake. Ni ma da aka gyara min karkataccen ƙashin hanci, sai da na yi sati biyu ƙasan idona baƙi ƙirin kamar an naushe ni. Yawancin kumburin yakan sace cikin wata ɗaya, amma ƙarshen hancin sai ya kai shekara, musamman ga masu kaurin fata irin tamu.

Ki riƙa kwana da filo biyu. Kada ki fyace majina, in atishawa ta zo ki buɗe baki. Tabarau kuwa ki ajiye shi na sati 6.

Abin da ya fi wahalar da ni shi ne sujada, a zaune na riƙa salla da nuni. Ga ƙurar Kano da hunturu, hanci ya bushe ƙamas har ya yi ɓawo, sai ruwan gishirin feshi na kemis ya taimake ni. Turaren wuta ma ki ɗaga masa ƙafa tukuna. In jini ya ƙi tsayawa ko zazzaɓi ya rufe ki, ki koma wurin likitanki a ranar.