Manhajata Ta Ƙi Sabunta Kanta a Kwamfutar Kwastoma

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na rubuta manhajar lissafin kaya da Electron, kayan aikin gina manhajojin kwamfuta, don masu kemis. A kwamfutata sabuntawa na tafiya lafiya lau, amma wajen wani kwastoma mai Mac sabuwar siga ta sauka ta ƙi shiga, a Windows kuma gargaɗi ke fitowa. Dole sai na sayi satifiket na sa wa manhaja hannu kafin in iya gwadawa? Mai karatu daga Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abin da ka gwada a kwamfutarka rabin aiki ne. Electron-updater, wanda ke kula da sabunta manhajar, yana da fayil mai suna dev-app-update.yml da ke ba ka damar gwaji kana cikin rubuta manhajar, amma iyakar abin da zai nuna maka shi ne manhajar tana iya tuntuɓar sabar ta ga sabuwar siga. Cire tsohuwa a dasa sabuwa kuwa, a nan ake duba sa hannu, wato hatimin da satifiket ke sa wa manhaja don shaida wanda ya yi ta, kuma a nan kake faɗuwa.

A Mac babu dabara. Squirrel.Mac, wanda ke yin musanyar, ba ya karɓar sigar da sa hannunta bai dace da na wadda ke kan kwamfutar ba. Sai ka yi rajista da Apple, dala 99 a shekara, ka sa hannu da satifiket ɗinsu na Developer ID, sannan ka tura musu manhajar ta kayan aikinsu notarytool su tantance ta, domin tsohon kayan aikin, altool, ya daina wannan aiki tun Nuwamba 2023. Ka kuma fitar da fayil na zip tare da dmg, fayil ɗin shigar da manhaja a Mac, don zip ɗin ake ɗauka wajen sabuntawa.

Windows da ɗan sauƙi. Don gwaji kawai, ka haɗa satifiket naka da umarnin New-SelfSignedCertificate a PowerShell, wajen rubuta umarni na Windows, ka sa kwamfutar gwajin ta amince da shi. Na kasuwa sai an saya, kuma tun Yuni 2023 mabuɗinsa sai a cikin na'ura ta musamman ake ajiyewa, ba fayil ba. Ko da shi, SmartScreen, mai gadin Windows, na iya ci gaba da gargaɗi har sai manhajar ta samu masu saukewa.

Inda nake so ka tsaya sosai shi ne nan. Shekarun baya na sabunta satifiket ɗin wata manhajar shaguna, sunan da ke jikin sabon ya ɗan bambanta da na tsohon. Kwamfutocin kwastomomi suka riƙa sauke sabuwar siga suna watsar da ita, saboda sunan mawallafi bai zo ɗaya ba. Gyaran yana hannuna, amma hanyar da zan aika shi ita ce ta toshe. Kwana huɗu na yi ina bin shaguna da filashi a aljihu, wani mai shago ya tsayar da ciniki yana jirana layi a gabansa. Har yau abin na damuna, domin amanarsa ce na yi wa sakaci.

Tun daga ranar ga yadda nake yi. In samu kwamfutar da ba a taɓa rubuta manhaja a kanta ba, in sauke sigar da ke hannun mutane yanzu ta burauza, don filashi yakan tsallake binciken Gatekeeper, mai gadin Mac, da SmartScreen. In shigar da kaya goma da ciniki biyu. Sai in ɗora sabuwar siga a sabar gwaji tare da latest.yml, fayil ɗin da ke sanar da sabuwar siga, in bar ta ta sabunta kanta, in duba ko kayan nan goma suna nan. Ina maimaitawa in katse intanet ana tsakiyar saukewa, don ka san yadda wuta da netiwok suke mana a nan.

Kada ka manta da hatimin lokaci, wato shaidar ranar da aka sa hannu, wajen sa hannu. In babu shi, ranar da satifiket ya ƙare Windows zai daina amincewa da sigogin da ka riga ka fitar. Ka tabbatar da sa hannun da umarnin signtool verify /pa kafin ka saki kowace siga.