Amalanken da babur zai ja: tun daga wajen mai walda ake gyara ta

Malam, ka ce kana son haɗa amalanke da babur zai ja, don kwaso albasa daga gona zuwa kasuwar Marwa, kana tambayar inda za ka fara.

Fara da gatari, wato ƙarfen da tayoyi ke kai. Kada mai walda ya dasa shi a tsakiya cif; ya ɗan matsar da shi baya, yadda kusan kashi 10 cikin 100 na nauyin zai kwanta a mahaɗa, wato inda amalanken ke haɗuwa da babur. Amalanke tawa ta farko nauyinta ya rinjaya baya, da na ɗan ƙara gudu sai ta kama lilo tana fizgar babur, buhu biyu suka zube, albasa ta watse a kwalta. Da kyar na tsaya.

Mahaɗar kuma ta zama mai juyawa, kada a kafe ta, ka ƙara mata sarƙa ko da ƙusa ta fice. Boris kuwa, wato ƙarfen da taya ke juyawa a kansa, rairayin mayo (kogin da ke ƙafewa da rani) na cinye shi, kada ka yi rowar giris.

Ka tuna birkin babur ne kaɗai zai tsayar da komai, don haka rage kaya, musamman a gangare. Walda ka kai wa wanda ya saba yin amalanke, ka sa fitila a baya, sannan ka tambayi ofishin sufuri batun takardu kafin ka hau babban titi.