Canza ƙwayayen amfilifaya: tsoffin Mullard ko KT88?

Tambaya: Salamu alaikum. Amfilifayata mai ƙwayayen gilashi ce, wato bawul masu ƙara ƙarfin sauti, manya EL34 guda 4 da ƙanana 12AX7 guda 2. Wani ya ce in nemi tsoffin ƙwayayen kamfanin Mullard, wani kuma ya ce in cire EL34 in sa KT88 don ganga ta ƙara nauyi. Wa zan bi? Daga wani mai karatu a Birni, Zinder.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Fara da ƙananan. Su ne sauti ke fara bi, kuma canza su ba ya bukatar saiti. Kashe na'ura, bari gilashin ya huce, ka zare a hankali, ka sa sabon. 12AX7 shi ne Turawa ke rubutawa ECC83, abu ɗaya ne. Amma wani ƙwai mai kama da shi, 12AU7, ko da ya shiga ramin daidai, ƙarfinsa bai kai kashi ɗaya cikin biyar na 12AX7 ba, mai ninka sauti har sau 100.

Wajen gwaji ne mutane ke ruɗin kansu. Kunne na ɗaukar abin da ya fi ƙara a matsayin wanda ya fi daɗi, ko da bambancin kaɗan ne. Don haka ka kunna sautin gwaji na 1,000 Hz, ka ɗora mitar auna bolt a bakin wayoyin lasifika, ka daidaita maɓallin ƙara har kowane ƙwai ya ba da lamba ɗaya. Ka bar na'ura ta ɗumama, ka saurari waƙa ɗaya, daga kujera ɗaya. In da hali, wani ya yi canjin ba tare da ka san wanne ke ciki ba. Sau da yawa abin da ake yabawa ba sunan kamfani ba ne, tsohon ƙwan ne ya riga ya gaji.

Mullard na asali galibi a Blackburn ta Ingila aka ƙera su. Sababbin da ke ɗauke da sunan yau daga Saratov ta Rasha suke, kuma akwai masu goge tambari su buga na ƙarya. Ni dai ƙwan kamfanin JJ na Silobakiya, daga hannun wanda ya auna shi, ya fi mini kwanciyar rai.

Batun KT88 kuwa, dakata. Ƙafafunsa 8 ne kamar EL34, amma saitin wutar da yake zama a kai, wato bayas, daban ne, kuma ya ɗan fi jan wuta daga taransifoma. In littafin na'urarka bai ambace shi ba, bar shi. Ko EL34 za ka sake, sayi huɗun da aka auna suka yi daidai, mai gyara ya saita bayas. Ka ga ƙarfen cikin ƙwai ya yi ja kamar garwashi? Kashe nan take.

Kada ka buɗe cikinta da kanka, akwai fiye da bolt 400, kuma wutar kan saura bayan an cire soket. Kada ka kunna ta babu lasifika a haɗe. Da zafin Damagaram na Afrilu da Mayu, fito da ita daga kabad ta sha iska, ka riƙa goge ƙurar hunturu, ka sa mata na'urar daidaita wuta a 220.