Humrar gida ko turaren kamfani?

Tambaya: Anti, bikina ya matso. Akwai wata Hajiya 'yar Maiduguri a unguwarmu da ke haɗa humra da turaren wuta a gida, amma 'yar ƙaramar kwalbarta ta fi turaren kamfani mai kwali tsada. Ƙawayena sun ce asarar kuɗi ce. Wanne zan saya? Daga wata amarya a Gusau.

Amsa: Allah ya sanya alheri, ƙanwata. Ni dai ina bayan Hajiya, matuƙar aikin nata na gaskiya ne. Kaso mai tsoka na kuɗin turaren kamfani a kwalba da kwali da talla yake tafiya. Kuɗin mai haɗawa a gida kuwa na kayan haɗi ne da wahala.

Ɗauki farce kaɗai. Murfin bakin dodon koɗin teku ne, ana kawo shi daga wajajen Bahar Maliya, kuma ɗanyensa ƙarni gare shi. Sai an kankare shi, an wanke, an soya, an daka, sannan ya zama abin da ke riƙe ƙamshi a jiki da tufafi. Sandal kuma itace ne da kan yi shekara 15 ko fiye kafin zuciyarsa ta yi mai sosai. Bayan an haɗa su da miski da madarar turare, sai a rufe kwalba a ajiye makonni, humra ta nuna. Wannan sana'a ce da matan Barebari da Shuwa suka gada kaka da kakanni, ita ce kuma ake yi wa amare a Chadi da Sudan. Raina yakan ɓaci idan na ga ana taya irin wannan aiki kamar ana cinikin tumatir da yamma.

Amma fa ba kowace mai cewa daga Maiduguri take ba ce gwana. Ki je da kanki, ki shafa kaɗan a wuyan hannu, ki koma gida. Kada ki yanke hukunci sai washegari. Mai kyau tana lafawa ta ƙara daɗi, wadda aka cika wa sinadari kuwa da ƙarfi take buɗewa, ta hau kai, kafin la'asar ta gudu. Ki tambaye ta abin da ta sa da ranar da ta haɗa. Mai gaskiya ba ta jin haushin wannan tambaya, ko da ba za ta faɗa miki sirrin awonta ba. Idan fatarki ta yi ƙaiƙayi, ki bar ta a tufafi kawai.

Tambaya: Wani mai shago ya ce man oud ɗinsa na asali ne, kuma kuɗinsa bai kai na shadda yadi biyar ba. In yarda? Daga wani magidanci a Damagaram.

Amsa: Malam, da wuya. Oud ƙaro ne da wani itace na Asiya, a wurare irin su Assam ta Indiya da Kambodiya, yake fitarwa idan ya ji rauni cuta ta kama shi, kuma ba kowace bishiya ke yi ba. Saboda yawan sara, tun 1995 aka sa wa cinikinsa ido tsakanin ƙasashe. Abin da ke cika shaguna haɗi ne na sinadari, wanda ba laifi ba ne in an faɗa maka gaskiya. Ka nemi ƙaramin mai haɗawa da zai ce maka wannan haɗi ne, wancan na asali ne, ka fara da kwatan tola, wajen mililita 3, ka ga yadda zai zauna a jikinka da zafin bazara.