Me ya sa hannu ke janyewa kafin a ji zafi?

'Yar'uwa, kin tambayi dalilin da ya sa kike fizge hannu daga tukunya mai zafi tun kafin ki ji raɗaɗin. Saƙon ne ba ya jiran ƙwaƙwalwa. Da yatsa ya taɓa ƙarfen, sinadarin sodiyam ya kwarara cikin ƙwayar jijiya, fotasiyam ya fita, sai ɗan lantarki ya bi ta har lakar ƙashin baya. Jijiyoyin ba manne suke da juna ba, akwai 'yar tazara, sinadari ne ke tsallakar da saƙon. Nan take laka ke umartar tsoka ta ja hannun. Jijiyar da kitse ya lulluɓe takan kai mita 120 a daƙiƙa. Mai ɗauko zogin nan na baya kuwa siririya ce, tsirara, da ƙyar take yin mita 2.