Amsa ga wanda ya tsinci ɗan kwikwiyo a Agege

Malam, ka ce ka tsinci ɗan kwikwiyo a bakin kwata, kana son riƙe shi kafin a sami mai ɗauka, amma kana tsoron cuta da surutun maƙwabta. Allah ya saka maka da alheri. Masu surutu, tuna musu hadisin mutumin da ya shayar da kare mai ƙishirwa, Allah ya gafarta masa.

Fara kai shi wurin likitan dabbobi. A ba shi maganin tsutsar ciki, a cire masa kaska (duba cikin kunne da tsakanin yatsu, nan suke maƙalewa), sannan allurar haukan kare in ya kai wata 3. Wannan kam kar ka yi sakaci da ita. In ya ciji wani, a wanke wurin da sabulu da ruwa minti 15, a wuce asibiti a ranar.

Na taɓa riƙe wata karya a bayan shagona, tsohon buhu ne shimfiɗarta. Sai da ta yi sati kafin ta daina ɓuya in ta ji motsina.

Mai ɗauka kuwa, je ka ga gidansa da idonka. Yawancinmu a Legas haya muke, to mai gidan ya yarda? Akwai inuwa da ruwa? Wanda zai ɗaure shi da sarƙa cikin rana yini guda, ni dai ba zan ba shi ba.