Tarkon ɗan aljanin Ayalan

Ka ce makarantar su ƙanwarka a nan Amurka ta ce kowane yaro ya kawo tarkon Leprechaun, kana tambaya ko ka yanka mata ragowar falankin nan ka haɗa mata akwati mai kyau. Ɗana, ajiye zarton nan tukuna.

Shi wannan abin, a tatsuniyar mutanen Ayalan, ɗan ƙaramin aljani ne, baduku mai ɗinkin takalma, ga tukunyar zinariya ya ɓoye a gindin bakan gizo. Wai in ka kama shi sai ya nuna maka ita, amma kana ɗauke ido daga kansa ya ɓace. Yara kan ɗana tarkon a daren 16 ga Maris, washegari ranar Waliyyi Patrick, waliyyin Kiristocin Ayalan, su tarar tarkon ya faɗi, amma ba kowa ciki sai cakulan mai kamannin kuɗin zinariya. Iyaye ko malamai ne suka zuba, ka dai riƙe bakinka.

Kwalin takalmi ya isa. Ku kife shi, ku tokare gefe ɗaya da ɗan tsinke, ku ɗaura zare daga tsinken zuwa abin yaudara, kamar yadda muke kifa wa kurciya kwando muna yara. Aikin duk yana wurin tsinken nan. In ya tsaya cak, nauyin kwalin zai danne shi, ko an ja zaren ba zai motsa ba. In ya karkace da yawa, iskar buɗe ƙofa ma ta kayar da shi. Ku sa ƙasansa a kan abu mai santsi, ku gwada sau goma. Abin da malamar ke nema ke nan, yarinya ta gane da hannunta yadda nauyi da tokara suke aiki. Abin yaudarar kuma ku tura shi can ƙurya, kada kwalin ya faɗa wa ɗan aljanin a baya.

Wasu kan fasa rami a saman kwalin, su rufe da koriyar takarda, su jingina tsani na sandunan askirim. Shi ma ya yi.

Yankan wuƙa naka ne, ƙusa kuwa kada ta shiga aikin nan, gam ya wadatar. Fenti da ado ka bar mata, ko da koren ya zuba har tebur. Na taɓa ƙera wa jikana nasa da katako, har da goge shi sumul. Malamarsu ta tambaye shi yadda yake aiki, yaro ya tsaya yana kallon ƙasa.